Yadda za ka gane ɗan ƙwallo mai aikin wahala, ka kuma yaba masa yadda ya kamata

Mu da muke cika gidajen kallo a nan Kaduna, daga Tudun Wada har Rigasa har Kawo, yawancinmu ba wasa muke kallo ba gaskiya, ƙwallon kawai muke bi da ido, inda ta yi nan idonmu zai yi. Shi ya sa in an tashi aka fito waje ana musu sunaye uku ko huɗu kawai za ka ji, wanda ya ci, wanda ya ba shi, golan da aka zura wa, sai kuma alƙalin wasa da ake ta tsine wa. Shi kuwa wanda ya yi minti 90 yana toshe ɓaraka, yana rufe wajen da wani ya bari, yana tsawata wa yara su koma gurbinsu, ba mai kiran sunansa, in ma an kira to ranar da ya yi kuskure ne. Irin wannan ɗan wasan kamar janareton gidan kallo yake, ba mai tunawa da shi sai ya mutu ana shirin buga fenariti.

Toh wannan rubutun na wanda yake so ya iya ganin irin waɗannan 'yan wasan ne, ya kuma san yadda zai yaba musu ba tare da an mai da shi abin dariya a majalisa ba. Koya ake yi, ba baiwa ba ce.

Saki ƙwallon ka kama mutum ɗaya

Fara da wajen zama. Kar ka yi rububin bencin gaba, can ƙasan talabijin wuyanka ne kawai zai yi ciwo kuma ƙwallon kaɗai za ka iya bi. Koma tsakiya ko baya inda idonka zai ɗauki hoton gaba ɗaya. Sai ka ware minti 10, ba wasan duka ba don ba za ka iya ba, zuciya za ta ja ka wajen ƙwallo, ka ce a minti goman nan mutum ɗaya zan kalla. Ɗauki lamba shida ko takwas, wato ɗan tsakiya, ko kyaftin in ɗan baya ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daidai bayan an zura wa ƙungiyarsa ƙwallo, ko daga minti 70 zuwa sama sanda ƙafafu suka yi nauyi, don a farkon wasa ai kowa ma jarumi ne. Kyamara ƙwallo take bi, saboda haka mutumin naka zai riƙa fita daga hoto yana dawowa, kar ka damu, lura kawai da ta inda ya fita da ta inda ya sake ɓullowa.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne daƙiƙa biyar ɗin da ke biyo bayan an ƙwace ƙwallo daga ƙungiyarsa. Ga yadda abin yake. Ɗan baya na dama ya haura har kusa da kwana, ya bugo kuros, aka tare, ƙwallo ta faɗo ƙafar abokan hamayya. A wannan lokacin za ka ga ɗan gaba ya ɗaga hannu sama yana ƙorafi wai ba a ba shi ba, wani ya dafa ƙugu, wani ya sunkuya yana gyaran safa. Amma akwai mutum ɗaya da tun kafin ƙwallon ta sauka ya riga ya juya, kuma ba wajen ƙwallon ya nufa ba, ramin da ɗan bayan nan ya bari ya nufa, yana gudu yana nuna wa wani da hannu cewa kai riƙe wancan. Mai ƙwallon ya ɗaga kai zai jefa ta wannan gefen, ya ga an riga an tsaya a wurin, dole ya mayar da ita baya. Shikenan. Ba shara, ba faɗuwa, ba a rubuta masa komai a lissafin da ake nunawa bayan wasa ba, mai sharhi ma bai ambace shi ba, amma ya kashe harin da zai iya ƙarewa a raga. Wannan aikin Jordan Henderson ya yi shekara da shekaru yana yi wa Trent Alexander-Arnold da Salah a gefen dama na Liverpool, ana nan a gidan kallo ana cewa mutumin ba abin da ya iya sai fasin ɗin baya.

Ka kalli wuyansa kuma. Ɗan tsakiya na ƙwarai kafin ƙwallo ta iso gare shi ya waiga hagu ya waiga dama, shi ya sa za ka ga taɓawa ɗaya yake yi ta wuce, sai mai kallo ya ɗauka tsoron riƙe ƙwallo yake. Ka kalli bakinsa da hannunsa lokacin kwana, wa yake ƙirga mutane yana jan wannan yana tura wancan. In ƙaramin yaro ya ba da fasin aka tare har aka kusa ci, duba wa ya fara zuwa wajensa, kuma da me ya je, da masifa ko da dafa ƙeya. In wani mai yalo a wuya ya je yana kumfar baki gaban alƙali, wa ya rugo ya janye shi. Duk waɗannan a gefen hoto suke faruwa, kafin a sako maimaici.

Ba duk mai gumi ne mai aiki ba

Nan ne masu son yabon wahala suke zamewa. Akwai ɗan wasan da zai taso tun daga tsakiyar fili ya bi gola da gudu shi kaɗai, ya san ba samu zai yi ba, amma ya san 'yan kallo za su tafa. Ya gaji a banza, ya bar rami a bayansa. Akwai mai sharar da ba dole, wandonsa duk ciyawa, alhali da ya tsaya inda ya kamata tun farko ba sai ya kwanta ba. Akwai kuma kyaftin mai ihu da dukan ƙirji da sumbatar tambarin riga in ya ga kyamara ta juyo, bayan wata uku ka ji wakilinsa na nema masa wani kulob. Kar ka ɓata yabonka a kan waɗannan.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, gudun nan da ya yi wa ya sauƙaƙa wa aiki? In ba ka iya nuna mutum ɗaya da ya samu sarari saboda gudun ba, to motsa jiki kawai ya yi. A 2010 da Man U ta haɗu da AC Milan a zagayen 'yan 16 na Gasar Zakarun Turai, kocin Man U Ferguson ya manna wa Pirlo na Milan ɗan wasansa Park Ji-sung, duk inda Pirlo ya sa ƙafa Park na nan. Man U ta ci 3-2 a San Siro ta ci 4-0 a Old Trafford, Rooney ya zura huɗu a wasa biyun kuma shi ake tunawa, amma mutumin da ke raba wa Milan ƙwallo an hana shi ɗaga kai, ka ga wannan gudun ya sauƙaƙa wa mutum goma aiki.

Gwaji na biyu ya fi wannan daɗi a wajen musu, wato a cire shi a gani. Real Madrid ta ci Laliga a 2003, a shekarar ta sayar da Makelele wa Chelsea ta kawo Beckham, ga Zidane ga Figo ga Ronaldo ga Raul ga Roberto Carlos duk suna nan, amma ba ta sake ɗaga Laliga ba sai 2007. Chelsea kuwa da Makelele a gaban 'yan baya ta ci Firimiya a 2005, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38. Haka Kante, ya ci Firimiya da Leicester a 2016 sanda Chelsea ta ƙare ta goma, ya koma Chelsea, shekara ta zagayo Chelsea ta ɗau kofi Leicester ta ƙare ta 12. Ban ce shi kaɗai ne dalili ba fa, sabon koci Conte ya zo, kuma Chelsea ba ta buga gasar Turai a shekarar ba, in ka je majalisa ka ce Kante kaɗai ne za a kama ka. Amma ka ce ba ruwansa a ciki, wannan kuma son zuciya ne.

Inda ake gane shugaba

Kambun kyaftin koci na iya ɗaura wa duk wanda ya ga dama, wani don ya fi kowa daɗewa, wani don kar ya tafi. Shugabanci kuwa a wurare marasa daɗi ake ganinsa, kuma na farkonsu shi ne ranar da aka ajiye mutum inda ba ya so. James Milner ya baro Man City a 2015 don ya samu buga tsakiya a Liverpool, sai ga Klopp ya mai da shi ɗan baya na hagu kakar 2016 zuwa 2017 gaba ɗaya, ya buga abinsa. Victor Moses da ya taso a nan Kaduna, Chelsea ta yi ta ba da shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, da Conte ya ce masa zai riƙa hawa yana saukowa a gefen dama har da tsaron baya bai ce shi ɗan gaba ne ba, a wannan gurbin ya ci Firimiya a 2017. Mikel Obi a gasar 'yan ƙasa da 20 ta 2005 mai tsara hari ne, Messi kaɗai aka sa a gabansa a kyautar gwarzon gasar, ya je Chelsea aka mai da shi mai tare hari, har yau akwai masu jin haushin abin kuma ina fahimtarsu, amma ya yi sama da shekara goma a kulob ɗin da ke canza koci kusan duk shekara, kusan kowane koci ya zo sai ya yi amfani da shi.

Na biyu, ranar da aka nuna ba a son ka. A 2012 Liverpool ta so ba wa Fulham Henderson a cikin cinikin Clint Dempsey, shekara ɗaya kenan da zuwansa daga Sunderland. Ya ce ba inda za shi, zai tsaya ya nemi gurbi. A 2015 ya gaji kambu daga Gerrard, a 2019 ya ɗaga kofin Zakarun Turai a Madrid, a 2020 ya ɗaga Firimiyar da Liverpool ta yi shekara 30 tana jira. Shi ma Ahmed Musa namu, a gasar kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa farkon 2024 shi ne kyaftin ɗin tawaga amma a benci ya ƙare gasar, Troost-Ekong ne ke ɗaura kambu a fili har zuwa fainal. Mutumin da ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, da wani ne da tuni jaridu sun cika da ƙorafi. In kana kallo aka hasko benci bayan an ci ƙwallo, duba wa ya fara miƙewa cikin manyan da aka ajiye, da wanda ya naɗe hannu ya ɗaure fuska.

Na uku, ranar daɗi. A fainal ɗin 2011 a Wembley Barcelona ta doke Man U 3-1, Puyol ne kyaftin, shi ya kamata ya ɗaga kofi, sai ya cire kambun ya ɗaura wa Abidal wanda aka yi wa tiyatar hanta a watan Maris na shekarar, ya ce shi zai ɗaga. Puyol ɗin nan dai a 2012 Barcelona na ragargazar Rayo Vallecano, wasan da ya tashi 7-0, Dani Alves da Thiago suka tsaya suna rawa bayan wata ƙwallo, ya zo ya raba rawar ya kora su tsakiyar fili, don a gidan mutane ake kuma an riga an gama da su. Ni wannan ta fi burge ni a kan ta Abidal ma, ta Abidal kowa zai yaba, wannan kuwa abokanka za ka ɓata wa rai saboda mutuncin waɗanda ba naka ba.

Namu na gida

Duk ɗan Kaduna da zai yi maganar irin wannan ɗan wasan bai kawo Garba Lawal ba to bai gama ba. Tawagar da ta ci zinare a Atlanta 1996 cike take da 'yan garin nan, Amokachi, Tijjani Babangida, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, da Garba Lawal. A fainal da aka ci Ajantina 3-2, Celestine da Amokachi duk sun zura. In ka tambayi yaro yau zai kawo maka Okocha da Kanu, wanda ya ɗan sani ya ƙara da Amokachi da gudun Babangida, Garba sai an tuna masa.

Amma duba wannan. Koci Bonfrere ya tafi da shi, Bora ya tafi da shi kofin duniya na 1998, Amodu Shu'aibu ya sa shi, Onigbinde da ya watsar da manya da yawa kafin kofin duniya na 2002 bai watsar da shi ba, Christian Chukwu ya riƙe shi a 2004, Eguavoen ya riƙe shi a 2006. Koci shida, kowa da ra'ayinsa da yaransa, a ƙasar da gurbin Super Eagles ba ya rasa rigima, amma duk sun yarda da mutum ɗaya da za a ce masa yau gefen hagu, gobe tsakiya, jibi ka koma baya, ya ce to. A wasan Sifen na 1998 a Nantes kowa dukan Oliseh yake tunawa, kuma ya cancanta, amma kafin nan ana cin mu 2-1 ne, Garba ne ya kutsa ta hagu ya bugo ta ƙasa daga lungu, golan Sifen Zubizarreta ya tura ta ragarsa da hannunsa aka koma 2-2. Ba don wannan ba dukan Oliseh canjaras kawai zai kawo. A Masar 2006 kuma shi ya ci Senegal ƙwallo ɗayan da ta ba mu na uku. In kana neman misalin da ba wanda zai ce maka ai wannan Bature ne tarbiyyarsu daban, ga shi nan a gida.

Yadda za ka yi musun

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko Messi ko Ronaldo. Da zarar ka ce wane ya fi Ronaldo amfani, ka gama yawo, an bar maganar mutuminka an koma tsohon faɗa, har a rufe gidan kallo ba za a dawo ba. Yabon mai wahala ba ya bukatar ka rage wa gwani komai, aikinsu daban.

Za a ce maka, haba mutumina, wannan me ya iya, ƙwallo nawa ya ci bana? Kar ka amsa da lissafin ƙwallo, nan ba filinka ba ne. Ka mai da shi kan abin da ku biyun kuka gani yanzun nan. Ka ce, tsaya abokina, harin nan da suka kawo bayan an dawo hutun rabin lokaci, mutum uku a kan biyu, wa ya dawo ya tare? In babba ne ka sassauta, ka ce Yaya ka lura kuwa duk sanda lamba biyu ya hau wa ke komawa wajensa? Ka bar shi ya faɗi sunan da bakinsa, in ya faɗa kar ka yi ihun ka yi nasara, ka ce to shi nake nufi, ka ja bakinka. Mako mai zuwa shi da kansa zai taɓo ka ya ce ga mutumin naka can.

Ka san lokaci kuma. Mutum an zura wa ƙungiyarsa a minti 90 ga kuɗin shigarsa ya tafi ga 'yan adawa na jiransa a ƙofa, ba lokacin darasi ba ne, bari sai an zauna wajen mai shayi.

A Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp ma haka, hoto da alamar wuta guda biyar ba yabo ba ne, kowa na yi wa kowa. Rubuta abu ɗaya da ya yi, da minti in ka riƙe. Kuma yabon da ya fi nauyi shi ne na ranar da aka sha kashi, ranar da kowa ke neman wanda zai ɗora wa laifi, don irin waɗannan 'yan wasan su aka fi ɗora wa, saboda su ne kullum a kusa da inda gobarar ta tashi, mai laifin na can gaba bai ma shigo hoto ba. Ranar ce za ka rubuta cewa ku sake kallon ƙwallon nan ku ga wa ya yar da ita. In kuma shi ne ya yi kuskuren da gaske, ka ce ya yi, kar ka kare abin da ido ya gani, gobe ba mai sauraronka. Zuwa shafin ɗan wasa a zage shi ko a zagi iyalinsa kuwa, wlh wannan ba goyon baya ba ne ko kaɗan. Mikel ya buga wasan Ajantina a 2018 bayan an kira shi awanni kaɗan kafin wasa an ce an sace mahaifinsa, bai gaya wa koci ba, mu da ke kallo ba wanda ya sani sai daga baya. Ba ka san abin da mutum ya shigo fili da shi ba.

Sannan in ka je Kasuwar Barci neman jesi ko za ka kai a buga maka suna a baya, ba dole sai 7 ko 10 ba. Sa 6, sa 14, sa 5. Za a tambaye ka dalili, ka samu ƙofar magana kenan.

Al'adar kulob, da hannun 'yan kallo a ciki

In ana cewa kulob na da al'ada, ba waƙa da tuta ake nufi ba kawai. Abin da sabon yaro zai tarar ana yi ne ba tare da an rubuta a ko'ina ba. In ya zo ya ga mai shekara 35 da ya ci komai ya riga shi zuwa tirenin, ya ga babban ɗan wasa an canza shi ya fito ya gaisa da koci ya zauna, ya ga ana gaida mai wankin jesi da sunansa, ba sai an yi masa wa'azi ba. In kuma ya tarar manya na zuwa a makare ba mai magana, shi ma wata biyu ya ishe shi ya koya. Koci na zuwa ya tafi, masu riƙe wannan abin su ne irin mutanen da muke magana a kai. Kano Pillars ta ci lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, koci sun sauya 'yan wasa sun shige sun fita, amma Rabi'u Ali na nan har ya haura shekara 40 yana bugawa, duk yaron da ya shigo Pillars ya san wa zai kalla.

Mu 'yan kallo muna da hannu a ciki fiye da yadda muke zato, abin da muka tafa wa shi yara ke ƙara yi. In yanka kaɗai ke tada filin, kowa yanka zai koya. Kuma wannan a fili ake yinsa ba a gaban talabijin ba. Garin nan ba baƙon ƙwallo ba ne, Ranchers Bees ta kai fainal ɗin kofin Afirka na masu cin kofin ƙalubale a 1988, Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fenariti ta ɗau kofin ƙalubale a 2010, kuma duk wanda ya ga filin Ahmadu Bello ranar wasan Masar a Maris 2016, mutane har kan ƙarafunan fitila, Etebo ya ci Salah ya farke a ƙarshe, ya san 'yan kallo ba su ƙare ba. Toh in ana wasan lig ko na share fage a filin Ahmadu Bello ko na Ranchers, je ka, hau sama-sama ka zauna. A can ba kyamarar da za ta zaɓa maka abin kallo, mutum 22 duk suna gabanka, minti goman nan da na ce za ka ji daɗinsa ninki biyu. In lamba shida ya dawo da gudu ya kashe hari, tashi ka tafa ko kai kaɗai ne, ka kira lambarsa da ƙarfi, a filayenmu ɗan wasa na jin muryar mutum ɗaya sarai. Jifa da ledar ruwa da tare alƙali a ƙofa kuwa, kulob ɗin ake ci tara ko a kai wasanninsa wani gari, yaran da suka sha wahalar su ke asara.

Filin unguwa

Nan ne yabonka zai fi yin aiki, don Kante bai san kana yi ba amma yaron layinku ya sani. Kowace ƙungiyar unguwa, daga Unguwan Dosa har Kakuri, tana da yaro ɗaya irin wannan. Shi ke zuwa tun rana ba ta yi sanyi ba da buhun toka yana zana layi, shi ke ɗaura raga ya kwance bayan magariba, ƙwallo ta sace shi ke kai ta wajen mai faci, shi ke bi gida-gida yana tada masu barci ranar tirenin ɗin asuba, littafin karo-karo ma a hannunsa yake don shi kaɗai aka yarda ba zai taɓa ba. An fara wasa kuma shi ne a tsakiya yana cin ƙura. An tashi, an ɗaga wanda ya ci ƙwallo sama, masu liƙi sun lilliƙa masa, shi kuma yana can yana naɗe raga.

Abin da za ka yi ba shi da tsada. In za ka yi liƙi raba biyu, ka taka har inda yake, kuma ka yi a gaban ƙananan yaran da ke tsaye bakin layi, ka faɗi dalili da ƙarfi, ka ce ƙanena wannan na ƙwallon da ka dawo ka cire ne. In kana da hali ka duba ƙafarsa, yawanci takalminsa ya fi na kowa mutuwa don ya fi kowa gudu, na gwanjo mai kyau ya isa, tambayi lambar ƙafarsa wajen abokinsa kar ka tambaye shi, zai ce ba komai. In ka san mahaifinsa, ranar da kuka haɗu a masallaci ka ce Baba yaron nan naka akwai riƙon amana, don da yawa a gida kallon ɗan zaman banza ake musu saboda ƙwallo. In wani mai neman 'yan wasa ya zo yana tambaya wa ya iya, kar ka tsaya a mai yanka, ka ce ga wani kuma ka kalle shi minti goma.

In kuna da bakin magana a ƙungiyar, maganar kambu ku sa baki. Kar a ba wa ɗan wanda ya saya wa ƙungiya jesi don a faranta wa babansa, a gode wa Alhaji a taron rufe gasa ya wadatar, kuma ba dole sai wanda ya fi kowa iya ƙwallo ba. A bar yaran su zaɓa a ɓoye, kowa ya rubuta suna ɗaya a 'yar takarda ban da nasa, koci ya ƙirga a gabansu, sau da yawa sunan mai naɗe ragar nan ne zai fito. In ya noƙe ya ce shi ba ya so saboda akwai waɗanda suka girme shi, kar a matsa masa a ranar, a bar shi ya riƙa jan tirenin na mako biyu ko uku, koci ya ja manyan gefe ya yi musu magana ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaura masa a wasan sada zumunci kafin a shiga gasa.